Daga Gimbana zuwa Gwanja: yadda takarda ta tare hanyar fatake

Duk wanda ya tsaya bakin titin da ya fito daga Jega ya ratsa ƙasar Maiyama ya nufi Koko da Yawuri, a lokacin da albasa ta shigo kasuwa, zai ga manyan motoci suna ta wucewa maƙare da buhuna. Wasu Ikko za su, wasu Fatakwal, wasu kuwa sai sun ƙetare iyakokin ƙasashe biyu ko uku kafin a kwance igiya. Kwaltar ce kawai sabuwa. Shekaru ɗari biyu ke nan mutanen wannan yanki, daga Aliero har Liba da Andarai da Sambawa, suna zaune bakin ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da suka haɗa ƙasar Hausa da kurmin Afirka ta Yamma. Sun sauke baƙi, su ma sun yi baƙunci, kuma an taɓa koro su da tabarma a ka. Saboda haka idan ana maganar ƙaura da 'yan gudun hijira da dokokin shige da fice, ba sai mun leƙa tekun Bahar Rum ba. Labarin yana nan ƙofar gidanmu.

Ita kanta Jega ɗan gudun hijira ne ya haifi wanda ya kafa ta. Malam Abdussalami, Ba'are ne, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Da zama ya yi masa tsanani a ƙasar Gobir, sai ya kwashi jama'arsa ya koma Gimbana a ƙasar Kabi. A ƙarshen 1803 rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta far wa garin, ta kashe na kashewa, ta kama na kamawa. Aka biyo da kamammun ta kusa da Degel inda Shehu ke zaune, jama'arsa suka kwance su, wannan kuwa na cikin abubuwan da suka sa Yunfa ya ce Shehu ya tashi. A watan Fabrairun 1804 aka yi hijira zuwa Gudu. Bayan rasuwar Shehu a 1817 tsakanin Abdussalami da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ɓaci, aka yi yaƙi a Kware, ya fita da rauni ya rasu a Bakura a farkon 1818. Ɗansa Buhari ne ya tattara sauran Gimbanawa ya kafa Jega a wajajen 1820, a gefen gulbin Zamfara, ƙarƙashin Gwandu. Har yau zuriyarsa ke riƙe da sarautar Sarkin Kabin Jega.

Garin da mutanen da aka tarwatsa har sau biyu suka kafa bai daɗe ba ya zama kasuwar da ake jin sunanta daga Kano har Gwanja. Dalilan a fili suke. Yaƙe-yaƙen Kabawa da Gwandu sun sa hanyar yamma ta yi hatsari a mafi yawan ƙarni na 19, don haka ayarin da ya taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato yakan sauka Jega, ya huta, ya cika guzuri, sannan ya gangara kudu ya yi fito a Kwara. Daga nan sai ƙasar Bargu, a bi ta Nikki da Jugu, a wuce Mango da Yandi, a sauke kaya a Salga ta ƙasar Gwanja. Abin da ake nema can shi ne goro, wanda ke fitowa daga kurmin Tonawa. Abin da ake kai musu ya haɗa da kanwa, da tufafin Kano, da kayan fata, da dabbobi, da gishirin Foga, har da gabu, wato busasshen ganyen albasa. Manomin Aliero da ke loda mota yau yana iya cewa sana'ar fitar da albasa waje ta girmi Nijeriya, kuma bai yi ƙarya ba.

Ayari guda kan kai mutum dubu ko fiye, da jakuna da takarkarai da 'yan alaro. Madugu ne uban tafiya. Jagaba na gaba yana duba hanya da wurin yada zango, uban dawaki yana kula da biyan kuɗin wucewa, ga malamin ayari mai rubuta lissafi da zaɓen ranar tashi. Zuwa da dawowa kan ci watanni shida, wani lokaci shekara guda. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara a wannan fatauci, su ma kuwa asalinsu baƙi ne a ƙasar Hausa.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan zamani shi ne yadda ake sarrafa baƙo. Kada a ɗauka babu doka. Kowane sarki da ke kan hanya yana karɓar kuɗin fito da gaisuwa, wanda ya ƙi biya kuwa ya gamu da mahara, sau da yawa ma yaran sarkin ne. Amma shaidar baƙo mutum ce mai rai. Bafatake ya iso gari, sai ya sauka gidan fatoma. Mai gidan nan shi ke ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan aka ci bashinsa, ya amsa kira a fada idan ya yi laifi. Idan baƙo ya mutu, mai masaukinsa ne ke riƙe dukiyarsa har magada su zo. Sunan mai gida shi ne jarinsa, domin ranar da ya ci amanar baƙo ɗaya, labari zai riga shi isa Kano. Tsari ne da ba ya buƙatar hoto ko hatimi, kuma ya riƙe cinikin da ya ratsa ƙasashen da ba su jin harshen juna.

Sai dai ba kowa ne ya bi hanyar nan da son ransa ba. Kasuwar Jega ta yi suna da cinikin bayi kamar yadda ta yi suna da goro, haka ma Salga. Da yawa daga cikin waɗanda ake kira Hausawa a gaɓar teku a wancan lokaci mutane ne da aka kamo daga wasu ƙabilu, suka koyi Hausa a hannun iyayengijinsu. Daga cikin irinsu ne Kyaftin Glover ya ɗebi sojojin da aka sani da Hausawan Glover a Ikko, ya kai su yaƙin Tonawa na 1873 zuwa 1874. Mai ba da tarihin fatauci ya tsallake wannan, ya ba da rabin labari.

Wancan yaƙin na Tonawa ne ya fara girgiza hanyar. Da Turawan Ingila suka ƙone Kumasi a 1874, Gwanja ta ɓalle daga hannun Tonawa, su kuma suka toshe mata goro. Yaƙin basasar Salga na 1892 ya ƙarasa abin da ya rage, 'yan kasuwa suka watse zuwa Kete-Karachi da Kintampo da Kumasi da Ankara. A cikin waɗanda suka tashi akwai Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda aka haifa a Kano a wajajen 1858, amma asalin gidansu Kabi ne, shi ya sa yake rubuta Alkabawi a jikin sunansa. Ya biyo hanyar fatauci tare da mahaifinsa, ya zauna Salga, ya koma Kete-Karachi inda ya zama limami, ya rasu a 1934. Rubuce-rubucensa na Larabci da Hausa na daga cikin muhimman abubuwan da masana ke dogara da su kan tarihin Kabi da na zuwan Turawa. Jikan Kabawa ne, kabarinsa na Gana, kuma a rayuwarsa ya zauna ƙarƙashin Gwanjawa da Jamusawa da Ingilishi ba tare da ya ɗauki kansa bare ba.

Ana cikin haka Turawa suka zauna a Turai suka ja layi. Yarjejeniyar 1898 ta zagaye Sakkwato da wani baka mai nisan mil 100, aka sake gyara shi a 1904 da 1906 don Faransa ta sami hanya mai ruwa daga Kwara zuwa Damagaram. Da ƙura ta lafa, Arewa ta rabu biyu: Dogon Dutsi ta faɗa hannun Faransa, Kangiwa hannun Ingila. Dandi ma haka, Gaya can, Kamba nan. Dangin Abdussalami kansa suka wayi gari 'yan ƙasashe biyu. Layin bai hana kowa tafiya ba a farko, sai ma ya ba talaka wata sabuwar dabara. Idan harajin Faransa ko aikin tilas ya yi tsanani, sai gari guda ya ƙetaro. A yunwar 1931 da ta addabi ƙasar Zabarma, dubban mutane sun gangaro wannan ɓangare neman abinci, wasu ba su koma ba. Faransa ba ta soke aikin tilas ba sai 1946.

Jirgin ƙasa ne ya kashe ayari. Da dogo ya isa Kano a 1911, sai goro ya koma bin jirgin ruwa daga gaɓar Gwalkwas zuwa Ikko, daga can a ɗora shi a tarago. Daga baya ma Yarabawa suka shiga noman goron a wajajen Agege da Shagamu. Jega ta rasa matsayinta na mahaɗar fatake, amma ƙafafun mutane ba su manta hanya ba. Maimakon madugu da jakuna, sai 'yan cin rani da sanda da gora. Ana gama girbi matasa su kama hanyar kudu, wasu gonakin koko, wasu ma'adinan Obuwasi da Tarkwa, wasu dako a tashar jiragen ruwan Takoradi, wasu fawa, wasu gadi, wasu malanta. A ranin 1952 zuwa 1953 an yi ƙidayar masu fita daga Lardin Sakkwato a mafitai da manyan hanyoyi, binciken da masani Mansell Prothero ya rubuta sakamakonsa, aka ƙirga mutum sama da dubu 200 a rani ɗaya, har da mutanen ƙasar Faransa da ke ratsowa. Wasu kan dawo kafin ruwan shuka da keke ko akwatin aure. Wasu kuma rani ɗaya ya zama shekara talatin, suka yi aure, suka haihu a zangon Kumasi ko Nima, 'ya'yansu ba su san Jega ba sai a baki.

Waɗannan 'ya'yan ne 'yancin kai ya jefa cikin tsaka mai wuya. Sabuwar ƙasa tana son sanin wane ne nata, kuma ba ta karɓar shaidar mai masauki. Alama ta farko ta bayyana watanni kaɗan bayan Gana ta sami 'yanci a 1957, lokacin da gwamnatin Kwame Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba, jagoran zangon Kumasi, tare da Alhaji Usman Lardan, zuwa Nijeriya, saboda suna goyon bayan 'yan adawa. Sun je kotu suna cewa a Gana aka haife su, majalisa ta yi doka ta musamman a kansu don a rufe shari'ar. Tun ran nan mutanen zango suka gane cewa haihuwa a wuri ba ta isa ba.

Babbar guguwar ta zo ranar 18 ga Nuwamba 1969. Gwamnatin Kofi Busia, wadda ba ta cika wata uku a kan mulki ba, ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya nemo ta cikin kwana 14 ko ya bar ƙasar. Ƙidayar 1960 ta nuna kashi 12 cikin ɗari na mazauna Gana 'yan asalin wasu ƙasashe ne, kusan dubu 190 daga cikinsu daga Nijeriya. Tattalin arziki ya taɓarɓare, matasa ba aiki, sai aka nuna musu baƙo aka ce ga mai laifin. Ta yaya tsohon da ya shigo da ƙafa tun kafin a san fasfo zai sami takarda cikin mako biyu? Ofisoshin jakadanci suka cika suka batse. Mutane suka karyar da gidaje da shaguna da motoci, wasu suka bar wa maƙwabta amana da ba su sake gani ba. Aka yi ta cunkusa mata da yara a manyan motoci ta Togo da Dahome, a daidai lokacin da Nijeriya ke fama da ƙarshen yaƙin basasa. Yarabawa ne suka fi yawa cikin 'yan Nijeriyar da aka koro, amma Hausawa da Zabarmawa da Mosawa duk guguwar ta kwashe su. Ƙidayar 1970 ta nuna baƙi sun koma ƙasa da kashi 7 cikin ɗari.

Gana ba ta warke ba. Manoman koko suka koka da rashin ma'aikata, cinikin shanu da na goro ya rikice, shagunan da aka karɓe da yawa suka durƙushe domin an gaji shago ba a gaji hanyar samo kaya ba. A watan Janairun 1972 soja suka kifar da Busia.

Da mun ɗauki darasi, da labarin ya tsaya nan. A 1975 aka kafa ECOWAS a Ikko, a 1979 kuma aka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar da ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ya yi kwana 90 ba biza. Kuɗin man fetur ya jawo mutanen Gana da Nijar da Chadi da Togo zuwa Nijeriya. Duk wanda ya yi sakandare a tsohuwar Jihar Sakkwato a ƙarshen shekarun 1970 zai iya tuna malamin lissafi ko na Turanci ɗan Gana. Sai farashin mai ya faɗi. Rikicin Maitatsine na Kano a Disambar 1980, wanda jagoransa ɗan asalin Kamaru ne, ya ba masu neman hujja hujja. Ranar 17 ga Janairu 1983, shekarar zaɓe, Ministan Cikin Gida Ali Baba ya sanar cewa duk baƙon da ba shi da takarda ya fice cikin mako biyu. Mako biyun nan dai da aka ba iyayenmu a Gana, ba ƙari ba ragi. Kimanin mutum miliyan biyu suka fita, wajen rabinsu 'yan Gana. Gwamnatin Rawlings ta Gana ta riga ta rufe iyakarta tun 1982, don haka dubban mutane suka maƙale a Seme da tashar Apapa ba ruwa ba abinci, wasu suka mutu a hanya. Masu cewa ramuwar gayya ce sun manta cewa lebura da telan da aka kora a 1983 ba su ne suka sa hannu a takardar 1969 ba, kuma a cikin korarrun akwai Hausawan zango da Hausawan Nijar, wato 'yan'uwanmu na jini.

Wannan makami kuwa ba ya tsayawa kan bare. Tun a Janairun 1980 gwamnatin tarayya ta ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Borno, ta jefa shi Chadi da sunan ba ɗan ƙasa ba ne. Kotu ce ta dawo da shi. Duk wanda garinsu ke kusa da iyaka, ko yake da kaka a ƙetare, ya kamata wannan shari'a ta tsaya masa a rai, kuma a Kebbi gidaje nawa ne ba su da dangi a Dosso ko Gaya ko Malanbil?

Daga nan sai rufe iyaka ya zama maganin kowace cuta. An rufe a Afrilun 1984 lokacin canjin kuɗi, aka sake korar baƙi a 1985, ba a buɗe ba sai 1986. Rufewar ta faɗo daidai da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan shekara sunan shugaban Nijeriya na lokacin. An sake rufewa a Agustan 2019 don hana shigo da shinkafa, aka kuma hana kai man fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. A nan dole a faɗi gaskiya: manoman shinkafar Kebbi sun ga kasuwa a wannan lokaci, kuma ba laifi ba ne ƙasa ta kare manominta. Amma mai albasa da mai shanu da mai hatsi sun biya kuɗin. An buɗe Illela da Maigatari da Seme a Disambar 2020, Kamba kuwa sai Afrilun 2022. Ba a yi nisa ba juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 ya sa aka sake garƙamewa, aka yanke wutar lantarkin da ke bi ta Birnin Kebbi zuwa Yamai, har zuwa Maris 2024. A duk waɗannan lokuta ban ga shaidar cewa mutane sun daina ƙetarewa ba. Babura sun bi daji, jiragen kwale-kwale sun bi Kwara, kuɗin hanya ya ninka, ribar ta koma aljihun masu tare hanya.

Yau kogin yana gudu ta kowane ɓangare. Tun 2019 dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina ke zaune a jihar Maraɗi a matsayin 'yan gudun hijira, sun guje wa 'yan bindiga, kuma kafin hukumomin agaji su iso, talakawan ƙauyuka ne suka buɗe musu zaure suka raba tuwo da su. A ɗaya gefen, harin da 'yan bindigar Lakurawa suka kai Mera a ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024 ya nuna cewa iyakar da ba a tsare ta ba, ba fatake kaɗai ke bi ta cikinta ba. Masu kiran a sa ido suna da hujja. Inda nake rabuwa da su shi ne idan sa ido ya koma tsangwamar mai tallan shayi da mai gyaran takalmi, alhali mai bindiga bai taɓa bi ta gaban teburin jami'in shige da fice ba. A Gana ma tsohuwar wutar ba ta mutu ba: dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe ƙananan cinikin kasuwa ga 'yan ƙasa, ta kuma ɗora wa baƙon da ke son buɗe harkar saye da sayarwa jarin dala miliyan ɗaya, shi ya sa lokaci-lokaci ake jin an kulle shagunan 'yan Nijeriya a Kumasi da Ankara.

Ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS. Ɓangarorin biyu sun ce zirga-zirgar jama'a za ta ci gaba kamar da, amma sanarwa ce, kuma wata sanarwar na iya soke ta cikin dare ɗaya. Don haka kira na ga masu fita daga Jega da Aliero da Maiyama da Liba: a yi wa yara rajistar haihuwa, a karɓi katin ɗan ƙasa, mai ƙetare iyaka ya riƙe takardar tafiya ko da garin da za shi na kawunsa ne, wanda kuma ya zauna a wata ƙasa ya gyara zamansa tun ana zaman lafiya. Hukuma kuma ta kawo ofisoshin yin takardun kusa da kasuwannin da mutane ke tashi daga cikinsu, ta sauƙaƙa kuɗin. Waɗanda aka koro daga Gana suna goye a 1969 yanzu sun haura shekara 55, iyayensu kuwa saura ƙalilan. Ɗaliban tarihi na jami'o'inmu su je da na'urar ɗaukar murya su zauna da su tun suna raye.